Katangar ƙarfen da ta toshe: nazarin gurɓacewar ruwan ƙasa a wata tsohuwar masana'antar yuraniyom a Utah

Wurin, da yadda ruwansa yake tafiya

Monticello ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin jihar Utah ta Amurka, mutanensa kimanin dubu biyu, a gindin duwatsu, sama da mita 2,000 daga doron teku. Ta kudancin garin akwai kwari, kuma wani rafi yana bin kwarin zuwa gabas, ya ratsa gonaki da makiyaya. A bakin wannan rafi aka gina masana'antar.

Ƙasar kwarin hawa-hawa ce. A sama akwai yashi da tsakuwa da laka waɗanda rafin ya tara, kaurinsu 'yan mitoci ne kawai, kuma a cikinsu ruwa na farko yake kwance. Ƙarƙashinsu akwai dutsen laka da dutsen yashi mai tauri, waɗanda masana ƙasa ke kira Mancos da Dakota, ruwa ba ya ratsa su sai da ƙyar. Can ƙasa da su akwai shimfiɗar dutsen yashi ta Burro Canyon mai ruwa mai kyau. Tambayoyi biyu ke nan suka rataya a kan duk mai sa ido a wurin: ina ruwan sama-sama yake kai gubar, kuma shin ta sauka zuwa ruwan can ƙasa?

1942 zuwa 1960: shekarun niƙa

An gina masana'antar a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, domin fitar da banadiyom da ake ƙara wa ƙarfe ƙarfi da shi, ta kuma samar da yuraniyom ga shirin makaman nukiliya. A 1948 hukumar nukiliya ta gwamnatin tarayya ta saye ta, aka ci gaba da aiki har farkon 1960.

Aikin shi ne a niƙe dutse ya zama gari, a jiƙa shi da asid ko da ruwan kanwa, a tsame yuraniyom da banadiyom, a zubar da saura. Wannan saura ita ce dusar dutse, kuma ita ce kusan dukan nauyin dutsen da aka kawo. An tara ta tsibi huɗu a gefen rafin, a kan ƙasa tsirara, ba shimfiɗar yumɓu ba leda. A cikinta akwai ragowar yuraniyom, da radiyom mai fitar da iskar radon, da asenik, seleniyom, molibdenom da banadiyom. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka riƙa ratsa tsibin suna sauka cikin yashin kwarin. Iska ta kwashi busasshiyar dusar zuwa unguwanni, mutane kuma suka ɗebe ta suna cike fili da kwaɓa siminti, domin a ido yashi ne mai laushi.

1961 zuwa 1990: rufewa da ƙasa

Bayan an daina aiki, a farkon shekarun 1960, an baje tsibin, aka lulluɓe su da ƙasa, aka shuka ciyawa. Wannan ya rage ƙura. Bai hana ruwa shiga ba, kuma gindin tsibin yana nan a jiƙe kusa da ruwan kwarin. Haka aka zauna fiye da shekara ashirin.

A 1986 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta saka gidaje da filayen garin da dusar ta shafa cikin jerin wuraren da suka fi buƙatar gyara a ƙasar, a 1989 ta ƙara da filin masana'antar. Alhakin gyaran ya faɗa kan Ma'aikatar Makamashi. A 1990 aka yanke shawarar kwashe dusar gaba ɗaya, aka ware batun ruwa domin a yi masa bincike na daban.

Yadda ake karanta ruwan

Kafin a ci gaba, ya kamata a san daga ina alƙaluman suke fitowa, domin duk shawarar da aka yanke daga baya a kansu ta dogara.

Rijiyar sa ido ba rijiyar sha ba ce. Bututun roba ne mai faɗin kimanin santimita 5, da tsaga-tsaga a ƙarshensa daidai shimfiɗar da ake son aunawa. Ana zuba tsabtataccen yashi kewaye da tsagar, sannan a toshe sama da ita da yumɓun bentonait. Wannan toshiya ita ce ran rijiyar. Idan ta yi rauni, ruwan sama zai bi jikin bututun ya sauka, samfurin ya zama gauraye. Idan kuma rijiyar mai zurfi ce da ta huda dutsen da ke raba ruwa biyu, ita kanta za ta zama hanyar da guba za ta bi zuwa ruwa mai kyau.

Ana jera rijiyoyin ne bisa tafiyar ruwa: wasu a sama da wurin gurɓacewa, wato ta inda ruwan yake gangarowa, domin a san asalin halin ruwan yankin, wasu a tsakiya, wasu a bakin inda gubar ta tsaya, wasu kuma masu zurfi a shimfiɗar ƙasa. Rijiyoyin sama ba ado ba ne. A yankin da duwatsunsa ke ɗauke da yuraniyom da seleniyom tun fil azal, wanda bai san asalin ruwan ba ba zai iya cewa ga abin da masana'anta ta ƙara ba.

Ranar ɗaukar samfur, abu na farko shi ne auna tsayin ruwa a rijiyar tun kafin a taɓa famfo. Sai a ja ruwan a hankali, tsakanin mililita 100 zuwa 500 a minti, yadda ruwan rijiyar ba zai faɗi sosai ba. Ana duba tsamin ruwan da gishirinsa da gurɓinsa har sai sun daina canzawa, alamar cewa ruwan shimfiɗar ne yake fitowa, ba wanda ya daɗe a bututu ba. Idan ruwan da gurɓi, a tace shi da matata mai ƙofa maikiron 0.45. A ɗiga asid ɗin naitirik a kwalbar har ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba yuraniyom zai manne a jikin kwalbar, ɗakin gwaji ya ba da adadi ƙasa da gaskiya. Ana haɗawa da kwalba ta biyu daga rijiya ɗaya ba tare da ɗakin gwaji ya sani ba, da kwalbar tsabtataccen ruwa da aka bi da shi ta cikin kayan aikin, domin a kama kuskuren gwaji da dattin kaya. Mai gaggawa da ya ja ruwa da ƙarfi zai tayar da laka, asid ya narkar da ita, adadin ya yi sama fiye da abin da ke tafiya a ruwan.

A wannan wuri sau biyu a shekara ake zagayen, a rijiyoyi da kuma wurare tsayayyu a rafin. Lokacin yana da muhimmanci: idan ƙanƙara ta narke, ruwan ƙasa yana tasowa ya taɓa ƙasar da ta bushe wata da watanni, ya wanko abin da ke jikinta. Saboda haka ana kwatanta samfurin bazara da na bazarar bara, na kaka da na kakar bara. Mizanin da ake nema ga yuraniyom shi ne maikirogiram 30 a lita, wanda Amurka ta kafa wa ruwan sha a 2000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kansa a 2011. An kafa shi ne musamman saboda illar yuraniyom ga ƙoda.

Sakamakon binciken shekarun 1990 ya nuna gubar ta bi yashin kwarin zuwa gabas, ta wuce iyakar filin masana'antar, ta shiga ƙarƙashin gonakin mutane, tana kuma tsattsafowa cikin rafin. Rijiyoyi masu zurfi sun nuna ruwan Burro Canyon lafiya lau.

1997 zuwa 1999: kwashe dusar

An kwashe dusa da gurɓatacciyar ƙasa kimanin kubik mita miliyan 1.9 zuwa wani rumbu da aka gina a kan tudu, kimanin kilomita ɗaya da rabi kudu da masana'antar. An tsabtace gidaje da filaye fiye da 400. Gindin rumbun yana da shimfiɗa biyu da bututun gano yoyo a tsakaninsu. Murfinsa ƙasa ce mai kauri da aka tsara ta riƙe ruwan hunturu, tsirran da aka shuka a kai su zuƙe shi da rani. Ba a bar wannan a matsayin zato ba: an binne wata shimfiɗa mai faɗin hekta 3 a cikin murfin, tana tara duk ɗigon da ya ratsa ana aunawa. A matsakaicin shekaru, abin da ke ratsawa bai kai milimita ɗaya a shekara ba.

A 1999 hukumar ruwa ta jihar ta hana haƙa rijiyar amfanin gida a yashin kwarin. A 2000 aka miƙa wa garin filin masana'antar ya zama wurin shaƙatawa.

Bayan kwashewar, yawancin gubobi sun ragu sosai a rijiyoyi. Amma abubuwa biyu sun tashi. Naitiret ya ƙaru, aka danganta shi da takin zamanin da aka zuba wajen maido da ciyawa. Seleniyom ma ya ƙaru, domin haƙar ta tone dutsen laka mai seleniyom na asali, ta fallasa shi ga iska da ruwa. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma bai san abin da aka yi a filin ba, zai ce sabon yoyo ne.

Tsakiyar 1999: katangar ƙarfe

Domin tare gubar da ta riga ta shiga ruwa, an gina katangar tace ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ta gitta kwarin a wata gona gabas da masana'antar. Tsawonta kimanin mita 31, kaurinta mita 2.4, gindinta ya nutse cikin dutse. Kaurin ya kasu uku. Santimita 60 na farko tsakuwa ce da aka gauraya da ɓarɓashin ƙarfe kashi 13 cikin 100. Mita 1.2 na tsakiya ɓarɓashin ƙarfe ne zalla. Santimita 60 na ƙarshe tsakuwa ce da bututun hura iska, domin narkakken ƙarfen da ya fito ya kwanta. Daga gefe biyu aka ja bangon yumɓu, na arewa kimanin mita 30, na kudu kimanin mita 73, su tattaro ruwan kwarin su tura shi ta ƙofar katangar. Babu famfo, babu lantarki. Gangaren ƙasa ne zai yi aikin.

Dabarar ta dogara ne kan halin yuraniyom. A ruwa mai iskar oksijin da kabonet, yuraniyom yana narkewa ya yi tafiya mai nisa. Idan ya shiga inda babu oksijin, sai ya sauya hali ya kwanta. Ƙarfe idan yana tsatsa yana cinye oksijin ɗin ruwan, ya samar da wannan yanayi. Asenik da seleniyom da banadiyom ma suna kamuwa.

Samfurin farko ya faranta ran kowa. Ruwa yana shiga da yuraniyom ɗaruruwan maikirogiram a lita, a cikin ƙarfen kuwa ya sauka ƙasa da ɗaya. An tsara katangar ta tace lita 185 a minti.

2002 zuwa 2005: abin da kwalba ba ta nuna ba

Shekara 2.7 bayan ginin, aka huda katangar aka ciro ƙarfen da tsakuwar, aka gwada samfuri 279. Abin da aka samu: kusan tan 9 na farar ƙasa, wato kalsiyom kabonet, ya taru a cikin katangar, alhali ma'adinan yuraniyom da banadiyom da ta kama duka-duka kilo 24 ne. A kan kowane kilo ɗaya na abin da aka gina ta dominsa, ta haɗiye fiye da kilo 350 na abin da ba a nema ba.

Dalilin a fili yake. Tsatsar ƙarfe tana kashe tsamin ruwa, ma'aunin pH ya haura zuwa 9 ko fiye. Ruwan kwarin kuma mai nauyi ne, cike da kalsiyom da kabonet. Da pH ya tashi sai su kwanta, irin farin ƙanzon da ke taruwa a cikin butar dafa shayi. Ƙanzon yana yin ɓarna biyu: yana lulluɓe ƙwayoyin ƙarfen su daina aiki, yana kuma cike ƙofofin da ruwa ke bi.

Daga wannan gwaji aka fitar da wani lissafi da ya fi komai amfani. An san yawan kalsiyom da kowace lita take sauke wa idan ta ratsa katangar, domin ana auna ruwan shiga da na fita. An kuma san jimlar kalsiyom da ta taru. Idan aka raba wannan da wancan, an sami yawan litocin da suka wuce. An yi lissafin da kalsiyom, da yuraniyom, da banadiyom, duka uku suka yi kusa da juna: lita 11 zuwa 24 a minti. Mafi yawa, kashi 13 cikin 100 na abin da aka tsara.

Zuwa 2005, gwajin da ake yi a rijiyoyin cikin katangar ya nuna saurin ratsawar ruwa ta ƙarfen ya faɗi ninki ɗaruruwa. Ruwa ya taru a bayanta, ya taso kusa da doron gonar, wani kuma yana zagayawa ta ƙarshen bangon kudu ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Duk tsawon wannan lokaci, ɗan ruwan da ke ratsa ƙarfen yana fitowa da tsabta. Igiyar awon tsayin ruwa ce ta tona asirin, ta hanyar tazarar da ke ƙaruwa tsakanin ruwan bayan katanga da na gabanta.

2004 zuwa 2009: jiran ruwa ya wanke kansa

A 2004 aka yanke shawarar ƙarshe kan ruwan ƙasa: tunda an cire tushen gubar, a bar sabon ruwa ya wanke yashin, ana sa ido, dokar hana haƙa rijiya tana nan. Lissafin kwamfuta ya ce cikin shekara 42 yuraniyom zai sauka zuwa mizani. Shawarar ta ƙunshi sharaɗi: a riƙa kwatanta awon rijiyoyi da layin da kwamfuta ta zana, idan suka rabu a koma ga wata dabara.

Cikin 'yan shekaru suka rabu. Yuraniyom yana raguwa, amma a wani sashe na kwarin ba da saurin da aka yi hasashe ba. Bayanin da ya fi dacewa da abin da aka gani a nan da wasu tsofaffin masana'antu irinta a yammacin Amurka shi ne, mafi yawan yuraniyom ba a cikin ruwa yake ba. Yana manne a jikin laka, yana cikin ƙananan ƙofofin da ruwa ba ya gudu a cikinsu, yana kuma cikin ƙasar da ke sama da ruwan. Idan tsabtataccen ruwa ya zo, sai ya saki kaɗan. Shekarun da ya ɗauka yana shiga, ba a cikin ƙasa da su zai fito ba. A 2009 aka sauya shawarar a hukumance, aka ƙara da jan ruwa da famfo.

2005 zuwa 2014: ƙarfen ya fito sarari

Tun a 2005 an kafa famfo a bayan katangar, yana jan ruwan da ya taru zuwa wani ramin kankare cike da tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfe. A 2007 aka ƙara rami na biyu. Sinadarin bai canza ba, ƙanzon ma bai daina taruwa ba. Abin da ya canza shi ne akwai mita a bututun da ke ƙirga kowace lita, ana ɗaukar samfur a mashiga da mafita, kuma idan yuraniyom ya fara tashi a mafita ko ruwa ya fara jinkiri, a buɗe ramin a kwashe ƙarfen a zuba sabo. Tudun ruwan da ke bayan katangar ya sauka. Iyakar dabarar ita ce ƙanƙantarta: daga wuri ɗaya take ja.

2015 zuwa yau

A farkon 2015 aka fara aiki da rijiyoyin jan ruwa takwas a sashen da yuraniyom ya fi yawa, daf da bayan katangar. Ana tura ruwan ta bututu zuwa wani tafki mai shimfiɗar leda kusa da rumbun dusar, rana ta busar da shi. Tsohuwar katangar da bangayenta, waɗanda suka zama kamar madatsa, yanzu suna taimakawa wajen tsare ruwan a inda famfunan suke.

Halin da ake ciki: babu wanda ke shan ruwan yashin kwarin. Ruwan Burro Canyon bai gurɓace ba. Rumbun yana riƙe da dusar. Yuraniyom a tsakiyar gubar yana nan ninki da yawa sama da 30, kuma zagayen ɗaukar samfur bai tsaya ba. Doka ta wajabta a sake duba dukan aikin duk shekara biyar.

Hukunci

Kwashe dusar shi ne aikin da ya fi kowanne tasiri, kuma da an yi shi a 1961 maimakon lulluɓewa da ƙasa, da yashin kwarin bai sha shekara talatin da wani abu na ƙarin guba ba. Dokar hana haƙa rijiya ita ta kare mutane a zahiri, amma ta yi aiki ne domin garin yana da wani ruwan sha. Hana mutum rijiya ba tare da an ba shi madadi ba doka ce a takarda.

Katangar ba ta gaza wajen kama yuraniyom ba. Ta gaza ne domin an tsara ta da ido a kan guba, alhali kalsiyom, wanda ba ya cikin jerin abubuwan haɗari, shi ne ya ƙayyade tsawon ranta. A ruwa mai nauyi, ƙarfen da ba za a iya canzawa ba bai kamata a binne shi ba. Shirin sa ido da ya tsaya ga tambayar nawa ne yuraniyom a kwalba zai ci gaba da ba da rahoton nasara har ruwa ya ɓullo a gona. Dole a haɗa da tsayin ruwa gaba da baya, da yawan litocin da ke wucewa, da kilo nawa aka cire. Hasashen shekara 42 bai tabbata ba, amma abin yabo ne cewa an rubuta tun farko yadda za a gane rashin tabbatarsa da abin da za a yi. Wannan sharaɗi ya sa aka gyara cikin shekara biyar maimakon a jira ta arba'in.

Batun ya shafi yankin Agadas kai tsaye. Mahaƙar yuraniyom ta kamfanin Cominak da ke Akokan, kusa da Arlit, ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021, ta bar dusa kimanin tan miliyan 20, da shirin lulluɓe ta a inda take da yumɓu da dutse. Ƙasar ba iri ɗaya ba ce. A can ruwan sama kaɗan ne, wanda ke rage abin da zai ratsa tsibin. Amma ruwan ƙasar tsohon ajiya ne mai zurfi da damina ba ta sabunta shi, don haka babu maganar jiran ya wanke kansa, kuma daga ƙarƙashin ƙasa mutanen Arlit da Akokan suke sha, ba rafi ba dutse mai ƙanƙara. Abin da ya kamata mazauna da hukumomi su nema a gani a rubuce shi ne taswirar rijiyoyin sa ido da shimfiɗar da kowacce take aunawa, awon tsayin ruwa tare da na yuraniyom da salfet a kowane zagaye, awon abin da ke ratsa murfin da kansa, kwalba ta biyu da za a kai ɗakin gwajin da ba na mai haƙar ba, da adadin da idan aka kai shi wani zai ɗauki mataki, da sunan hukumar da za ta biya kuɗin zagayen bayan shekara talatin.